Shin Littafin Amsoshi Yana Taimaka wa Mai Koyon Kalkulas? Tambayoyin da Ɗalibai Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne a kan kalkulas, wato reshen lissafi mai nazarin yadda abubuwa ke canzawa, da ba sa ƙarewa a bakin 'yan ajin farko na jami'a da kwalejojin kimiyya da fasaha, da kuma 'yan sakandare masu shirin WAEC, NECO da JAMB. An sa musu lamba saboda wasu amsoshin suna tura mai karatu ga wasu.

1. Mene ne littafin amsoshi, kuma me ya raba shi da amsoshin da ke bayan littafin darasi?

Bayan littafin darasi amsar ƙarshe kawai ake sawa, ba a nuna hanya. Manyan littattafan kalkulas da ake bugawa a Amurka galibi amsoshin tambayoyi masu lambar mara suke kawowa, wato 1, 3, 5, su bar masu lambar cika domin malami ya ba da su asamen. Shi kuwa littafin amsoshi, wanda ɗalibai ke kira soloshon manuwal, warware tambayar yake yi mataki-mataki har zuwa ƙarshe.

Iri biyu ake bugawa. Akwai na ɗalibi, wanda yawanci masu lambar mara kawai yake warwarewa. Akwai na malami, mai ɗauke da duka tambayoyin, kuma shi ne PDF ɗin da ke yawo a WhatsApp da Telegram. Sai wani iri na uku da ba kamfani ne ya buga shi ba: warwarar da wani ɗan aji na gaba ya rubuta da hannu, aka yi ta yin fotokofinta shekara da shekaru. Wannan shi ya fi kowanne buƙatar a yi hattara da shi, kamar yadda tambaya ta 8 ta nuna.

2. A taƙaice, yana taimakawa ko yana cutarwa?

Yana taimakawa idan an buɗe shi bayan an yi fama da tambayar, aka rufe shi, aka sake yin aikin da ka. Yana cutarwa idan shi ne abin da ake fara buɗewa kuma shi ne abin da ake kwafa. Littafi ɗaya, ɗalibai biyu a ɗaki ɗaya, wani ya ci wani ya dawo da kariyoba, wato sai ya sake kwas ɗin, kuma bambancin nasu bai wuce lokacin buɗewa da abin da aka yi bayan rufewa ba. Tambayoyi na 4 da 5 sun yi bayanin waɗannan biyun.

3. Ina karanta warwarar in fahimce ta sarai, amma da na rufe littafin sai in kasa. Me ke faruwa?

Gane hanya idan an nuna maka daban, samo ta da kanka daban. Ɗauki ∫ x·eˣ dx. Littafin zai ce a yi intagireshan kashi-kashi, a ɗauki u = x, dv = eˣ dx, amsa ta fito x·eˣ − eˣ + C. Kowane layi a fili yake, kana bi kana gyaɗa kai. Amma aikin gaske an riga an yi shi kafin layin farko: wa ya ce kashi-kashi za a yi ba musanya ba? Wa ya ce x ne zai zama u? Littafin ya yanke waɗannan shawarwari biyu a ɓoye ya miƙa maka sakamakonsu. A ɗakin jarrabawa kuwa su ne ake tambayarka.

Gwada ɗaukar u = eˣ, dv = x dx, ka gani. Sabon intagiral ɗin zai zo da x²/2 a jikin eˣ, wato ya fi na farko wuya. Ɗalibin da ya taɓa faɗawa wannan rami da hannunsa ya san dalilin da ya sa ake ɗaukar x a matsayin u: idan aka yi masa difarenshiyeshan sai ya koma 1, aikin ya yi sauƙi. Wanda ya karanta warwarar kawai bai san akwai ramin ba ma. Gani ba ci ba ne.

4. Minti nawa ya kamata in yi ina fama kafin in buɗe?

Ga tambayar da ke gwada ƙa'ida guda, kamar neman diribatif ɗin wani fankshin, minti 10 zuwa 15 sun isa. Ga tambayar da aka kawo cikin labari, ko wadda ake son a tabbatar da wani abu, ba ta minti 20 zuwa 30. Wuce haka kana kallon takarda ba tare da sabuwar dabara ba ɓata lokaci ne, musamman ga mai kwasa-kwasai bakwai ko takwas a zango ɗaya.

Sai dai zaman kallon tambaya ba fama ba ne. Kafin ka ce ka yi fama, ya zama ka rubuta abin da aka ba ka da abin da ake nema, ka zana hoto ko giraf idan zai yiwu, ka koma ga ƙa'idar da ke cikin hanawut ko littafin darasi, ka gwada hanya ɗaya aƙalla har ta tuƙe. Sannan ka rubuta a gefe, cikin jimla ɗaya, inda ka maƙale: "na kasa rabuwa da √ da ke ƙasa", ko "ban san me zan kira u ba". Da wannan jimlar za ka shiga littafin amsoshi, ka nemi abu guda, ka fito.

5. To, yaya ake buɗe shi ba tare da ya yi maka aikin duka ba?

Sa takarda ka rufe warwarar tun daga sama. Janye ta a hankali har ka ga layi ɗaya da ba ka da shi. Tsaya nan, rufe littafin, ci gaba da naka. Idan ka sake maƙalewa, ƙara layi ɗaya. A waya ma haka ne: ƙara girman shafin yadda layi biyu ko uku kawai za su bayyana. Sau da yawa layin farko kaɗai, misali "a ɗauki u = x² + 1", shi ne duk abin da ya hana ka tafiya.

Bayan ka gama, sa wa tambayar alama. Wadda ka yi ba taimako ba ta buƙatar komai. Wadda ka leƙa layi ɗaya, sa mata ɗigo. Wadda ka karanta warwarar duka, sa mata tauraro. Mai tauraro a sake ta a farar takarda washegari, a kuma sake ta bayan mako ɗaya. Sake ta nan take bayan rufe littafi ba ya nuna komai, domin idonka bai manta shafin ba tukuna. Idan ta fita washegari ba leƙe, ta fara zama taka.

6. Sabon shiga ne ni, ban san ko ta ina ake farawa ba. Laifi ne in karanta warwara kafin in gwada?

Ba laifi, a nan ma littafin ya fi amfani. A shekarar 1985 John Sweller da Graham Cooper, masu bincike a Ostireliya, sun gwada ɗaliban aljabara. Waɗanda aka ba su misalan da aka riga aka warware su nazarta, kowane misali tare da tambaya irinsa, sun ɗauki lokaci kaɗan wajen koyo kuma sun yi ƙarancin kuskure a tambayoyi masu kama da waɗanda suka gani, idan aka kwatanta da waɗanda aka bari su yi ta fama tun farko. Dalilin a fili yake: wanda bai san hanya ko ɗaya ba, lalube yake yi cikin duhu, kuma laluben yana cinye hankalin da ya kamata ya tafi ga lura da tsarin aikin.

Amma akwai sharaɗi. Binciken Michelene Chi da abokan aikinta na 1989 a kan ɗaliban fiziks ya nuna waɗanda suka fi amfana da misalai su ne masu tsayawa a kowane mataki su bayyana wa kansu dalilinsa. Saboda haka a gefen kowane layi rubuta amsar "don me?": nan ƙa'idar sarƙa aka yi, nan an raba sama da ƙasa da x², nan an yi amfani da sin²x + cos²x = 1. Layin da ka kasa rubuta masa dalili, ba ka fahimce shi ba.

Tsarin da ke aiki shi ne misali ɗaya, tambaya ɗaya irinsa da littafi a rufe, sau biyu ko uku. Daga nan a koma ga ƙa'idar tambaya ta 4. Ci gaba da karanta misalai bayan hannu ya fara faɗawa ba ya ƙara komai, sai ma ya mayar da mutum malalaci.

7. Amsata ta bambanta da ta littafin. Na yi kuskure ke nan?

Ba lallai ba, musamman a intagireshan. Ɗauki ∫ sin x·cos x dx. Wanda ya ɗauki u = sin x zai samu (sin²x)/2 + C. Wanda ya ɗauki u = cos x zai samu −(cos²x)/2 + C. Wanda ya fara mayar da shi (sin 2x)/2 zai samu −(cos 2x)/4 + C. Duka ukun daidai ne. Bambancin da ke tsakaninsu tsayayyar lamba ce, amsa ta farko ta ɗara amsa ta biyu da 1/2 cif, kuma C ta haɗiye wannan. Ɗalibai da yawa suna goge aikinsu mai kyau su kwafi na littafi saboda rashin sanin haka.

Hanyar tantancewa biyu ce. Idan intagiral ne, yi wa amsarka difarenshiyeshan: in ta dawo da abin da aka ba ka, ka yi daidai ko da ba ta yi kama da ta littafin ba. Idan diribatif ne, zaɓi wata lamba, misali x = 2, ka sa a amsarka da ta littafin a kalkuleta, sannan ka sake da wata lambar. Guji 0 da 1, domin suna ɓoye kuskure: x² da x³ duk ɗaya suke a waɗannan wurare biyu.

8. Littafin amsoshi yana yin kuskure?

Yana yi. Alamar ragi takan faɗi wajen bugawa, ko a warware tambayar tsohon bugu alhali an canza lambobinta a sabo. Shi ya sa abu na farko shi ne ka duba bugun littafin darasinka da na amsoshin ɗaya ne; tambaya ta 23 a bugu na 7 ba dole ta zama ta 23 a bugu na 8 ba. Warwarar hannu mai yawo tsakanin ɗalibai ta fi muni, domin ba wanda ya tace ta. Misalin da ke yawan fitowa: intagiral ɗin 1/x² daga −1 zuwa 1, a rubuta amsa −2. Fankshin da bai taɓa sauka ƙasa da sifili ba ba zai ba da amsa mai alamar ragi ba. Matsalar tana x = 0, inda fankshin ɗin ya tashi ba iyaka, kuma intagiral ɗin ba shi da ƙima.

Duk da haka, ka fara zargin kanka kafin littafin. Diribatif yana da gwaji mai sauƙi: ga x³ a x = 2, lissafa (2.001³ − 2³) ÷ 0.001, za ka samu kusan 12.006, ƙa'ida kuma ta ce 3x² = 12. A kowane fankshin ana iya yin haka. In akwai sin ko cos, tabbatar kalkuleta tana kan radiyan. Idan tana kan digiri, (sin x)/x kusa da sifili zai ba ka 0.01745 maimakon 1, ka yi ta zargin littafi a banza.

9. Littafin yakan tsallake matakai ya ce "bayan sauƙaƙawa". Yaya zan yi?

Cike gurbin da kanka, domin a nan ne yawancin maki ke zubewa. Misali, diribatif ɗin x/√(x² + 1). Ƙa'idar rabawa za ta ba ka √(x² + 1) − x²/√(x² + 1) a sama, x² + 1 a ƙasa. Littafin sai ya yi tsalle zuwa 1/(x² + 1)^(3/2). Abin da aka ɓoye shi ne an ninka sama da ƙasa da √(x² + 1), saman ya koma (x² + 1) − x², wato 1.

Lura cewa ba kalkulas a cikin wannan tsallen ko kaɗan, aljabara ce zalla. Idan a irin waɗannan wurare kake yawan tsayawa, ciwon ba a kalkulas yake ba. Ware mako ɗaya ko biyu ka koma kan ƙa'idojin fawa (lambar da ake ɗorawa a sama, kamar 2 a x²), haɗa lambobi masu sama da ƙasa, logaridim da ƙa'idojin tirigonometiri. Littafin amsoshin kalkulas ba zai koya maka su ba, ya ɗauka ka zo da su daga sakandare.

10. Me zan yi da kurakuran da na gano?

Buɗe musu shafi a bayan littafin rubutunka. Kowane kuskure layi uku: tambayar, abin da ka yi, abin da ya kamata. Bayan mako biyu za ka ga ba su da yawa, maimaita kansu suke yi. Waɗanda suka fi addabar 'yan ajin farko sanannu ne: mantawa da diribatif ɗin ciki, a rubuta cos(3x²) a matsayin diribatif ɗin sin(3x²) alhali 6x·cos(3x²) ne, yar da + C, rubuta ln x inda ya kamata ln|x|, da ɓatar da alamar ragi a diribatif ɗin cos x.

Akwai wani da ya cancanci a tsaya a kansa. A intagiral ɗin 2x(x² + 1)³ daga 0 zuwa 2, idan ka ɗauki u = x² + 1, iyakokin ma sai sun canza, su koma 1 zuwa 5. Amsa (625 − 1)/4 = 156. Wanda ya bar 0 da 2 a jikin u zai samu 4. Ɗalibin da ya kwafi 156 daga littafi ya wuce bai koyi komai ba. Wanda ya samu 4 da hannunsa, ya bi layi-layi har ya gano inda ya zame, da wuya ya sake.

11. Tambayoyin labari fa, irin su neman mafi girma ko mafi ƙanƙanta?

A nan littafin amsoshi ya fi yaudara. A ce manomi yana da waya mai tsawon mita 100, zai kewaye lambu mai kusurwa huɗu a jikin katanga, wato ɓangare uku kawai zai shinge. Littafin zai rubuta x + 2y = 100, girman fili A = y(100 − 2y), diribatif 100 − 4y = 0, y = 25, x = 50, fili murabba'in mita 1,250. Diribatif ɗin aikin daƙiƙa goma ne. Wahalar duka tana wajen mayar da labarin manomi zuwa layukan nan biyu na farko, su ne kuma ido ke wucewa da sauri.

Saboda haka a irin waɗannan kada ka leƙa sai ka zana hoton, ka sa wa ɓangarorin haruffa, ka rubuta naka lissafin ko da kana shakka. Bayan ka ga warwarar, canza labarin: katanga babu, ko kuma a raba lambun biyu da wani shinge a tsakiya. Idan ka iya kafa sabon lissafin, ka kama dabarar.

12. Yin asamen da littafin amsoshi satar amsa ne?

Idan za a ba da maki a kai kuma ka kwafa ka miƙa a matsayin aikinka, satar amsa ce, ko daga littafi ko daga abokin zama. In kana shakka tambayi lakcara abin da ya halatta. Ko a bar maganar ƙa'ida, cinikin na hasara ne: a yawancin jami'o'in Najeriya tes da asamen kashi 30 ko 40 suke ɗauka, jarrabawa kuma 60 ko 70, kuma can ba littafi. Wani bincike da aka wallafa a 2010 a kan ɗaliban fiziks na jami'ar MIT a Amurka ya gano masu yawan kwafar aikin gida sun koma baya ƙwarai a jarrabawar ƙarshe. Hanya mai tsafta ita ce ka nemi tambaya mai kama da ta asamen, ka yi nazarin warwararta kamar yadda tambaya ta 6 ta nuna, sannan ka yi taka da kanka.

13. Manhajoji irin su Wolfram Alpha, Symbolab, Photomath da ChatGPT, hukuncinsu ɗaya da littafin?

Ɗaya ne, har sun fi shi haɗari saboda ba wahalar buɗe shafi, hoto kawai za ka ɗauka. Ƙa'idojin tambayoyi na 4 da 5 sun hau kansu. Wolfram Alpha da Symbolab suna da ƙarfi wajen tabbatar da amsa, amma wani lokaci suna bin hanyar da ba ita aka koyar a aji ba, ko su fitar da amsar a wata siffa, sai a koma ga tambaya ta 7. Manhajojin hira irin ChatGPT sun iya bayani, kuma sukan yi kuskuren lissafi cikin cikakkiyar natsuwa, don haka a gwada amsarsu kamar yadda aka nuna a tambaya ta 8. Desmos da GeoGebra daban suke: giraf suke zanawa kyauta, kuma ganin giraf ɗin 1/x² sau ɗaya ya isa ya hana ka rubuta −2 ɗin nan na tambaya ta 8.

14. Jarrabawa ta matso. Yaya zan yi da tsofaffin tambayoyi masu amsa?

Kada ka karance su kamar labari. Ɗauki takardar shekara ɗaya, ajiye amsoshin nesa, sa agogo daidai lokacin da ake bayarwa, ka yi ta duka. Sai ka gama ka duba. Haddace warwara ba ya kai mutum ko'ina, domin canza lamba ɗaya ko juya sin zuwa cos ya isa ya rushe haddar.

Sannan ka cakuɗa tambayoyi. Littafi yana jera su babi-babi, kan babin kuma ya riga ya faɗa maka hanyar da za ka bi. A 2007 Doug Rohrer da Kelli Taylor sun gwada ɗaliban jami'a da lissafin girman cikin wasu siffofi huɗu. Waɗanda aka cakuɗa wa tambayoyi sun fi shan wuya lokacin atisaye, amma bayan mako ɗaya sun fi sauran ci nesa ba kusa ba. Rubuta tambayoyinka masu tauraro na tambaya ta 5 a ƙananan takardu, ɗaya a kowace, ba tare da sunan babi ba, ka zuba a ambulan ka riƙa zaro goma kullum. A fara wannan mako uku ko huɗu kafin jarrabawa, ba a fafe gora ranar tafiya.

15. Ba ni da littafin amsoshi ko kaɗan. An bar ni a baya ke nan?

A'a. Misalan da aka warware a cikin kowane babi na littafin darasi ƙaramin littafin amsoshi ne, kuma sun fi shi bayani: rufe warwarar, yi misalin kamar tambaya, sannan ka kwatanta. Gwaje-gwajen tambayoyi na 7 da 8 za su tabbatar maka da yawancin amsoshi ba tare da kowa ba. A intanet, OpenStax na jami'ar Rice yana ba da littattafan kalkulas kyauta bisa halal, da amsoshin wani kaso na tambayoyin, MIT OpenCourseWare kuma yana da tambayoyi da tsofaffin jarrabawa tare da warwararsu. Sauke su sau ɗaya inda akwai intanet mai kyau ya wadatar.

Idan kuna karatu cikin rukuni, kada ku wuce mutum uku ko huɗu, kuma kowa ya yi tambayoyin shi kaɗai kafin a haɗu. A zaman, wanda ya kasa tambayar shi zai riƙe alli ya nuna inda ya tsaya, sauran su ba shi mataki ɗaya kawai su yi shiru. Abin da ya gagari kowa a rubuta shi da jimlar "nan muka maƙale" a kai wa mai tutoriyal ko lakcara a ofis, tare da takardar da aka yi faman a kanta.